Kanel ya harhaɗu lafiya, kwamfuta ta ƙi tashi: nazarin wani lamari a Debian 12

Na'urar da ake magana a kai laftof ce mai firosesan Intel ƙarni na 11, da faifan NVMe guda ɗaya, Debian 12 ne a kanta. Lokacin girka ta an ɗauki zaɓin kulle faifai baki ɗaya, wato LVM (mai rarraba faifai) a cikin LUKS (mai kulle shi da kalmar sirri), kuma wannan zaɓi kashi uku yake yi wa faifai. nvme0n1p1 shi ne yankin EFI, tsarinsa FAT. nvme0n1p2 shi ne /boot, tsarinsa ext2, girmansa kusan MB 500. nvme0n1p3 kuwa a kulle yake, a cikinsa tushen tsarin yake tare da swap. Secure Boot, tsarin da ke hana tayar da kanel maras sa hannu, a kashe yake. Wannan fasali ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali.

Debian 12 ya fito a watan Yunin 2023 da kanel 6.1, kanel kuwa shi ne zuciyar Linux mai sarrafa kayan na'ura. Mai kula da na'urar yana son gwada wani gyara da aka yi wa direban Wi-Fi, sai ya sauko da 6.6.30 daga kernel.org, ɗaya daga cikin fitowar reshen 6.6 mai dogon tallafi wanda aka fara saki a Oktoban 2023. Ya bi hanyar da kowa ya sani:

```
cp /boot/config-$(uname -r) .config
make olddefconfig
make -j8
sudo make modules_install
sudo make install
```

Huɗun farko sun wuce ba gardama. Na biyar ne ya yi ƙorafi: a cikin layukan da suka zubo akwai `No space left on device`, a ƙasansa kuma `update-initramfs: failed for /boot/initrd.img-6.6.30`. Ya leƙa /boot, ya ga vmlinuz-6.6.30 yana nan, ya ɗauka aiki ya kammala. Ya buga `update-grub` da hannunsa, ya sake kunna kwamfuta.

Tsayawa ta farko: unknown-block(0,0)

GRUB, manhajar da ke loda kanel idan an kunna kwamfuta, yana jera kanel ne daga mafi girman lamba, saboda haka 6.6.30 ya hau saman 6.1, bayan daƙiƙa 5 shi aka ɗauka. Nan take komai ya daskare da wannan layi:

```
Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)
```

Lambobi biyun da ke ƙarshe su ne labarin. Na farko lambar rukunin na'ura ce, na biyu lambar ita kanta na'urar a cikin rukunin. Faifan SATA da filashi rukuninsu 8, yankunan NVMe kuwa 259. Idan saƙon ya ce (8,2) ko (259,2), kanel ya ga faifan, tsarin fayil ɗin da ke kai ne bai iya karantawa ba, sai a tafi neman ext4 ko btrfs a cikin zaɓuɓɓuka. Idan ya ce (0,0), bai ga komai ba sam. A sama kaɗan akwai layin da ke cewa `here are the available partitions:`, kuma a wannan na'ura babu ko yanki ɗaya da aka lissafa a ƙarƙashinsa. Tun daga kanel 5.9 aka cire damar komawa baya da Shift da PgUp a wannan baƙin sikirin, don haka a cire kalmar `quiet` daga layin kanel, a ɗauki bidiyon sikirin da waya. Ana cire ta ne a menun GRUB: a danna `e`, a goge, a danna Ctrl da X.

Da aka danna `e` ɗin nan ma aka gano bakin zaren. Shigarwar 6.1 tana da layi biyu, `linux` da `initrd`. Ta 6.6.30 layin `linux` kaɗai gare ta.

Ga dalilin da ya sa wannan ke kisa. Kanel irin na Debian ƙarami ne a jikinsa. Direbobin faifai da na tsarin fayil duk modul ne, ɓangarorin da kanel ke lodawa daga baya, suna zaune a /lib/modules, wato a kan tushen da ake son buɗewa. Makulli yana cikin ɗakin da aka kulle ke nan. Abin da ke warware wannan shi ne initramfs, wani ɗan ƙunshi da GRUB ke lodawa cikin RAM tare da kanel. A cikinsa akwai modul ɗin da ake bukata, da cryptsetup mai tambayar kalmar sirri, da kayan LVM. Shi ke buɗe faifai, ya ɗaura tushe, ya miƙa wa systemd, mai tayar da sauran tsarin, ragama. Kanel shi kaɗai bai san `root=UUID=` ba, bai san /dev/mapper ba; abin da ya sani shi ne sunan na'ura kai tsaye ko `PARTUUID=`. A kwamfuta maras kulle mutum zai iya cusa nvme da ext4 cikin jikin kanel ya rabu da initramfs. A wannan na'ura ba hali, tunda dole wani ya tambayi kalmar sirri.

Sai kuma abin da ya hana initramfs samuwa. Zaɓuɓɓukan Debian suna kunna bayanan bin diddigin kuskure, CONFIG_DEBUG_INFO. Debian kan zare waɗannan bayanai daga modul ɗinsa kafin ya raba su, amma `make modules_install` ba ya zarewa sai an ce masa. Modul ɗaya sai ya ninka girmansa sau da yawa, foldar /lib/modules/6.6.30 ta haura zuwa gigabait-gigabait. Initramfs-tools kuma a kan `MODULES=most` yake zuwa, wato yana kwasar kusan duk direban faifai da na USB da na tsarin fayil. Ƙunshin da aka saba gani a MB ɗin da ba su kai 100 ba sai ya koma ɗaruruwa, /boot ya cika. `update-initramfs` yana rubutu ne a fayil mai ƙarshen `.new`, in ya gaza ya goge shi, shi ya sa da aka duba daga baya aka ga /boot da sauran fili kamar ba abin da ya faru. Gazawar ta kuma tsayar da sauran matakan /etc/kernel/postinst.d, ciki har da mai sabunta GRUB. Tsarin ya ƙi saka kanel maras initramfs a menu. Hannu ne ya saka shi.

Gyaran daidai a wannan gaɓa bai wuce mintuna ba. A shiga `Advanced options for Debian GNU/Linux`, a tashi da 6.1, a koma foldar da aka yi harhaɗawa:

```
sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install
sudo update-initramfs -c -k 6.6.30
sudo update-grub
```

A kula: kada a bi modul da umarnin `strip` da hannu bayan an girka su. Sa hannun da kanel ke yi wa modul a wutsiyar fayil yake, `strip` kuma yana yanke shi. INSTALL_MOD_STRIP yana zarewa ne kafin sa hannu. Wanda ba ya bukatar bayanan bin diddigi ko kaɗan zai iya kashe su, amma tun 5.18 kashe DEBUG_INFO kaɗai ba ya zama, `olddefconfig` zai dawo da shi. Sai an zaɓi DEBUG_INFO_NONE an kashe na DWARF.

Ba wannan aka yi ba. Mai aikin ya fahimci matsalar a matsayin yawan modul, alhali ƙibarsu ce. Ya ƙudura rage su da `make localmodconfig`. Kuma da yake harhaɗawar farko ta cinye masa lokaci mai tsawo a laftof, sai ya kai aikin wata kwamfutar kwaikwayo ta KVM da ke kan sabar mai ƙarfi. Can ya kwafi .config ɗin, can ya buga `localmodconfig`, ya fitar da ƙunshin deb da `make bindeb-pkg LOCALVERSION=-gwaji`, ya kawo laftof ya girka da `dpkg -i`. Wannan karon initramfs ya fito ɗan ƙarami, layin `initrd` ya bayyana a menu. Garin neman gira aka rasa ido.

Tsayawa ta biyu: faifan da ya ɓace

Ba a ga kanel ya daskare ba. Maimakon tambayar kalmar sirri, sai `cryptsetup: Waiting for encrypted source device`, aka yi ta jira, daga baya ALERT ya fito cewa na'urar mai wannan UUID, wato lambar shaidar yankin faifai, babu ita, aka faɗa cikin `(initramfs)`. Wannan ci gaba ne ko da bai yi kama da shi ba: kanel ya tashi, ya kwance initramfs, yana gudanar da shirye-shirye. An wuce matakin da aka tsaya a baya. Kuma yanzu akwai inda za a yi rubutu:

```
cat /proc/partitions
ls /dev/nvme*
cat /proc/modules
```

Na farko fanko, na biyu ya ce babu, na uku bai nuna nvme ba.

`localmodconfig` yana duba abin da `lsmod` ya lissafa a na'urar da aka buga shi, ya kashe duk wani zaɓi mai `=m` da bai gani a lissafin ba. Masu `=y` ba ya taɓa su. Kwamfutar kwaikwayo faifanta virtio ne, katin sadarwarta virtio ne, ba ta da kulle, ba ta da Wi-Fi. Kanel ɗin da ya fito nata ne, ba na laftof ba. Har direban Wi-Fi ɗin da aka faro aikin dominsa an yi waje da shi. Kibod ma ya yi aiki ne kawai saboda na jikin laftof ne, direbobinsa atkbd da i8042 suna cikin jikin kanel a zaɓuɓɓukan Debian. Da kwamfutar tebur ce mai kibod na USB, da ko harafi ɗaya ba za a iya bugawa a wannan wuri ba, sai dai a koma tsohon kanel a binciki ƙunshin da `lsinitramfs`.

Aka kunna BLK_DEV_NVME, aka sake harhaɗawa, aka girka, aka kunna. Saƙo bai canza ba. `modprobe nvme` yana shiga ba ƙorafi, amma /dev/nvme0n1 bai bayyana ba.

Nan ne wurin da ke cin lokacin mutane, domin hankali yana cewa faifan NVMe direban nvme yake so, kuma ga shi an ba shi. Amsar tana wajen tsohon kanel, wanda ke ganin faifan lafiya. A tashi da 6.1 a buga `lspci -k`. A wannan na'ura akwai layi mai cewa `RAID bus controller: Intel Corporation Volume Management Device NVMe RAID Controller`, a ƙasansa `Kernel driver in use: vmd`. Shi kuma faifan adireshinsa ya fara da 10000, maimakon 0000 da sauran kayan ke ɗauke da shi. VMD wata ƙofa ce da Intel ya sa tsakanin firosesa da ramin NVMe, kuma laftof da yawa daga ƙarni na 11 da ita a kunne suke fitowa daga kamfani, a BIOS ana ganinta da sunan VMD ko RST. Muddin tana kunne, faifan yana bayanta, a wani yankin PCI dabam. Sai direban vmd ya buɗe wannan yanki kafin direban nvme ya ga abin kamawa. Zaɓin shi ne CONFIG_VMD.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan ba da shawara: a shiga BIOS a kashe VMD ko a mayar AHCI. Tana aiki, kuma Linux ba ya damuwa tunda da UUID yake neman faifai. Amma idan akwai Windows a wani yanki na faifan wanda aka girka VMD na kunne, zai iya ƙin tashi da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ban da haka, sauya saitin BIOS don rufe giɓin .config ɓoye ciwo ne. Ranar da BIOS ya koma saitinsa na asali, ciwon zai dawo.

Darasin aiki a nan shi ne yadda ake gano jerin direbobin da ke ƙarƙashin tushe. Ba a tsayawa a kan sunan faifai. `lsblk -s` yana nuna tsanin daga sama zuwa ƙasa: lvm, crypt, part, disk. `readlink -f /sys/block/nvme0n1` kuma yana nuna duk hanyar PCI da aka bi kafin a isa faifan. Kowane mataki a wannan hanya yana da direbansa.

Tsayawa ta uku: kalmar sirrin da ba ta da laifi

Da vmd ya shiga, tambayar kalmar sirri ta fito. Aka buga. Sai `cryptsetup failed, bad password or options?`. Aka sake, aka sake. Wannan saƙo yana tayar da hankali fiye da na baya, domin mutum zai fara zargin kan LUKS ya lalace, bayanansa sun tafi. Kafin a je can, a lura saƙon tambaya ce, kuma abu biyu ya ambata. Tsohon kanel yana buɗe faifan da wannan kalmar, kuma `cryptsetup open --test-passphrase /dev/nvme0n1p3` yana tabbatar da ita ba tare da ya taɓa komai ba.

Don a ga ainihin abin da ke faruwa, a ƙara `break=premount` a layin kanel. Initramfs zai tsaya ya ba da wurin rubutu kafin ya yi yunƙurin buɗe faifai. A gwada buɗewa da hannu, sannan a buga `dmesg | tail`. Saƙo biyu ake samu a irin wannan hali, kowanne da inda ya dosa. `crypt: unknown target type` yana nufin babu dm_crypt. `Error allocating crypto tfm` yana nufin dm_crypt yana nan, lissafin kullen ne babu. LUKS2 da aes-xts-plain64 yake zuwa, don haka CRYPTO_AES da CRYPTO_XTS ake nema, da aesni_intel don sauri. A wannan na'ura na farkon aka gani.

Sau biyu ke nan ana ƙara zaɓi ɗaya ana sake harhaɗawa, kuma tsugune ba ta ƙare ba. Kamata ya yi tun a tsayawa ta biyu a watsar da wannan .config, domin an riga an san daga wata na'ura aka tsamo shi. Kwatanta shi da na Debian ya nuna abin da ke jira a gaba:

```
scripts/diffconfig /boot/config-6.1.0-*-amd64 .config | grep 'm -> n'
```

Idan akwai kanel 6.1 fiye da ɗaya a /boot, a rubuta cikakken sunan guda. A cikin jerin akwai i915 na sikirin, akwai usbhid, akwai VFAT_FS. Wannan na ƙarshe shi ne tarko na huɗu. /etc/fstab yana ɗaura /boot/efi, tsarinsa FAT, kuma babu `nofail` a layin. Da an buɗe faifai lafiya, systemd zai gaza ɗaura shi ya faɗa yanayin gaggawa, in kuma ba a sa wa root kalmar sirri lokacin girkawa ba, sai ya ce `the root account is locked`, ya hana shiga. Vfat shi kaɗai ma bai isa ba, yana tafiya da nls_cp437 da nls_ascii.

Yadda aka gyara

Aka koma laftof a kan kanel 6.1. Aka jona duk abin da ake amfani da shi yau da kullum, filashi, linzamin USB, wayar sikirin na waje, aka kunna Bluetooth da Wi-Fi, domin modul ɗinsu su shiga lissafi. Sannan:

```
lsmod > lsmod-laftof.txt
```

Aka kai wannan fayil da /boot/config na laftof zuwa na'urar harhaɗawa. Dole a faro daga cikakken .config na Debian, domin `localmodconfig` ragewa kawai yake yi, ba ya dawo da abin da aka riga aka kashe.

```
cp config-laftof .config
make olddefconfig
make LSMOD=lsmod-laftof.txt LMC_KEEP="drivers/usb:drivers/hid:fs" localmodconfig
grep -E 'CONFIG_(VMD|BLK_DEV_NVME|DM_CRYPT|CRYPTO_XTS|EXT4_FS|VFAT_FS)=' .config
make -j16 bindeb-pkg LOCALVERSION=-gwaji
```

LMC_KEEP yana hana a taɓa foldodin da aka ambata, don kada wata rana a jona faifan exFAT ko sabon kibod a tarar babu direba. Layin `grep` kuwa layi shida ya kamata ya fitar. Ana yinsa ne bayan kowane sauyi, domin zaɓin da aka kunna da `scripts/config` yana iya faɗuwa shiru idan abin da ya dogara a kai a kashe yake. `bindeb-pkg` ya fi `make install` ta fuska biyu: yana ware bayanan bin diddigi zuwa wani ƙunshi dabam mai `-dbg` a sunansa, wanda ba sai an girka ba, kuma dpkg ya san duk fayil ɗin da ya ajiye, ana iya cire shi da `apt remove`.

Bayan girkawa, kafin a sake kunnawa, abu uku aka duba:

```
df -h /boot
lsinitramfs /boot/initrd.img-6.6.30-gwaji | grep -E 'vmd|nvme|dm-crypt|ext4|sbin/cryptsetup'
grep -c 'initrd.img-6.6.30-gwaji' /boot/grub/grub.cfg
```

`MODULES=most` yana kwasar abin da ya tarar ne a /lib/modules na wannan kanel; abin da ba a harhaɗa ba ba ya kuka a kansa. Idan modul yana /lib/modules amma bai shiga ƙunshi ba, a rubuta sunansa a /etc/initramfs-tools/modules a buga `update-initramfs -u -k 6.6.30-gwaji`. Idan ba a gan shi a ko'ina ba, a duba fayil ɗin modules.builtin kafin a yanke hukunci, wataƙila cikin jikin kanel yake.

Aka kuma hana sabon kanel zama na farko kai tsaye. A /etc/default/grub aka sa `GRUB_DEFAULT=saved`, aka buga `update-grub`, aka kafa tsohon kanel da `grub-set-default`, sannan aka ba sabon dama sau ɗaya da `grub-reboot`. Ana ba su lamba irin "1>2", wato menu na biyu, shigarwa ta uku, tunda daga 0 ake ƙirga, kuma kowane kanel shigarwa biyu gare shi, ta yau da kullum da ta ceto. Lambobin suna gocewa duk lokacin da aka ƙara ko aka cire kanel, sai a ƙirga daga grub.cfg a ranar. Wannan dabara tana bukatar GRUB ya iya rubutu a fayil ɗin grubenv. A ext2 na wannan na'ura yana iyawa, a /boot da ke kan LVM ba ya iyawa. Idan aka haɗa da `panic=10`, kanel ɗin da ya daskare zai sake kunna kansa bayan daƙiƙa 10 ya koma tsohon, abin da ke ceton mai aiki daga nesa. Sai dai shi ma `panic=` yana hana initramfs ba da wurin rubutu, don haka a cire shi lokacin bincike.

Laftof ta tambayi kalmar sirri, ta karɓa, ta tashi. `uname -r` ya ce 6.6.30-gwaji, `systemctl --failed` bai lissafa komai ba, `findmnt /boot/efi` ya nuna vfat.

Duk wannan bincike ya yiwu ne saboda 6.1 yana nan. Wanda ya goge tsohon kanel don samar da fili a /boot, abin da mutane kan yi da zarar sun ga `No space left`, sai ya tashi da filashin Debian, ya buɗe faifai, ya buga `vgchange -ay`, ya ɗaura tushe da /boot da /boot/efi, ya jona /dev da /proc da /sys da /run, ya shiga da `chroot`. Wuri ɗaya ake zamewa a nan: sunan da aka ba faifan wajen `cryptsetup open` dole ya zama wanda ke cikin /etc/crypttab, a nan nvme0n1p3_crypt. In aka ba shi wani suna, `update-initramfs` zai yi gargaɗi cewa bai same shi a crypttab ba, ya haɗa ƙunshin da ba zai iya buɗe faifan ba.

Ranar da za a kunna Secure Boot kuma, GRUB zai ƙi wannan kanel da `bad shim signature`, tun kafin kanel ya furta komai. Sai an ƙirƙiri makulli da openssl, an shigar da shi da `mokutil --import`, an amince da shi a shuɗin sikirin da ke fitowa a kunnawa ta gaba, sannan an sa wa vmlinuz hannu da `sbsign`.

Abin da ya rage shi ne sharar yunƙurin farko. Dpkg bai san da ita ba, tunda `make install` ne ya zuba ta, kuma shigarwarta maras initrd tana nan a menu. Aka goge vmlinuz-6.6.30, System.map-6.6.30 da config-6.6.30 daga /boot, da foldar /lib/modules/6.6.30, ana rubuta cikakken suna ba tare da alamar tauraro ba don kada a haɗa da mai `-gwaji`. Aka buga `update-grub`, aka sake ƙirga lambobin menu, aka sake `grub-set-default`.